Mohosh: Tafkin da Gansakuka Ta Cinye

A tsakiyar ƙasar Romaniya, cikin tsaunukan Karfatiya, akwai wani dutse mai aman wuta da ake kira Chomad. Rabonsa da yin amai kimanin shekara 30,000 ke nan. A ƙwanƙolinsa ya bar manyan ramuka biyu maƙwabtan juna, sai ka ce ƙore biyu aka jera. Wanda ya taɓa zuwa tafkin Tila a ƙasar Biu ya san irin wannan rami. Ɗaya daga cikin ramukan biyu har gobe cike yake da ruwa, shi ne tafkin Santa Ana. Ɗayan kuwa, wato Mohosh, in ka tsaya a bakinsa sai ka rantse ba a taɓa yin tafki a wurin ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai faɗin kusan hekta 80, ga gajerun itatuwa, ga ƴan kududdufai baƙi ƙirin nan da can.

To, ina ruwan ya tafi? Mohosh ne babban wa a ramukan biyu. Da dutsen ya sake fashewa ta gefen Santa Ana, toka da duwatsu sun zuba cikin tsohon tafkin suka rage masa zurfi. Daga baya wani ɗan rafi ya ci gefen ramin, ruwa ya sami hanyar fita. Sauran aikin gansakuka ce ta ƙarasa shi. Sunan wurin ma daga gare ta ya fito, domin a harshen Hangari, wanda yawancin mutanen yankin ke ji, Mohosh na nufin wuri mai gansakuka.

Wannan gansakuka, da masana ke kira Isfagnum, halinta dabam ne. Tana tsotse ruwa kamar soso, tana kuma sa shi ya yi tsami. Samanta na tofo, ƙasanta na mutuwa, amma abin da ya mutu ba ya ruɓewa, saboda ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye ba sa iya aiki cikin ruwa mai tsami da sanyi wanda iska ba ta ratsa shi. Haka matacciyar ke taruwa a kan matacciya, kusan milimita 1 a shekara. Yau kaurin wannan tuli a Mohosh ya kai mita 10. Mai karatu ya yi lissafin shekarun da kansa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne talaucin wurin. Babu kogin da ke kawo masa taki, ruwan sama da ƙanƙara kaɗai yake sha. Itacen da ake kira fayin, wanda a wani dajin zai yi tsawon bene, a nan sai ya tsufa yana wada. Wata ƴar tsiro mai suna Dirosera kuwa da ta rasa abinci a ƙasa sai ta koma farauta: ganyenta na da jan gashi mai danƙo, ƙwaro na sauka ya maƙale, ta naɗe shi ta narkar. Wasu tsirran wurin ragowar zamanin ƙanƙara ne, ƴan'uwansu sai can arewacin Turai.

Tun da ba abin da ke ruɓewa, garin furannin da iska ta kwaso shekara dubbai yana nan a jere, hawa hawa. Masana kan soka dogon bututu su zaro laka, su karanta irin dajin da ya rufe yankin a kowane zamani, da lokacin da manoma suka fara sare shi. Sannan irin waɗannan fadamu, duk da ba su wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, sun riƙe sinadarin kabon fiye da itatuwan dazuzzukan duniya baki ɗaya. Da zarar an haƙa musu magudana sun bushe, sai su fara sakin sa cikin iska, in wuta ta kama kuwa ta yi ta ci ta ƙarƙashi wata da watanni.

Shi ya sa aka keɓe Mohosh, yana kuma cikin tsarin Natura 2000 na Tarayyar Turai. Ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma a kan gadar katako ake tafiya. Ni ban ga tsanani a wannan doka ba. Abin da ido ke ɗauka ƙasa ce, a wasu wuraren tabarmar gansakuka ce kawai a kan ruwa, tana lilo in an taka, kuma sawu ɗaya kan daɗe bai ɓace ba.

Shi ma ƙanen, Santa Ana, ya kama hanyar wansa. A ƙarni na 19 zurfinsa ya kai kusan mita 12, yanzu da ƙyar yake kai 7, laka na ta taruwa a gindinsa. Tun shekarar 2018 aka hana wanka a cikinsa.