Cutar Tyzzer

Cutar Tyzzer cuta ce da ke kama ɓerayen ɗakin gwaji da zomaye da jariran dawaki. Wata bakteriya mai suna Clostridium piliforme ce ke haddasa ta, kuma ta fi yin ɓarna a hanji da hanta da zuciya.

Tarihi

Masanin cututtuka ɗan Amurka, Ernest Tyzzer na Jami'ar Harvard, shi ne ya fara bayyana cutar a shekarar 1917, bayan ta kashe ɓerayen da ake kiwo domin bincike. A da ana kiran ƙwayar cutar Bacillus piliformis, sai a 1993 aka sauya mata suna.

Yadda take yaɗuwa

Ƙwayar tana fita ne ta cikin kashin ɓeran da ya kamu. Idan kashin ya taɓa abinci ko ruwa ko shimfiɗar keji, lafiyayyen ɓera yakan haɗiye ta. Da farko tana hayayyafa a bangon hanji, daga nan ta bi jini zuwa hanta, wani lokaci har zuciya. Alamunta sun haɗa da gudawa da kasala da mutuwar farat ɗaya, musamman ga ƙananan ɓerayen da aka yaye.

Dalilin daɗewarta

Bakteriyar ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar dabba mai rai, amma a waje tana lulluɓe kanta da ƙwanso mai tauri. A haka takan kai shekara guda a cikin shimfiɗa mai datti ba ta mutu ba, kuma sifirit ba ya kashe ta. Sannan manyan ɓeraye da yawa suna ɗauke da ita ba tare da alamar ciwo ba. Cunkoso ko doguwar tafiya ko maganin da ke raunana garkuwar jiki su ne ke tayar da ita.

Illa ga bincike

Jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya suna amfani da ɓeraye wajen gwada magunguna da tsirrai. A irin wannan gwaji akan duba hanta. Idan cutar ta riga ta lalata hantar, mai bincike na iya ɗora laifin a kan maganin, sakamakonsa ya fita ba daidai ba.

Rigakafi

Magungunan kashe bakteriya suna rage mace-mace, amma ba sa kawar da ƙwanson. Shi ya sa ake killace sababbin dabbobi, ana sauya shimfiɗa a kai a kai, ana kuma tsabtace keji da bilic ko tururi mai tsananin zafi.