Madarar Ƙananan Makiyaya da Hanyarta Zuwa Kasuwa: Darasi Daga Anand

Madara dukiya ce marar haƙuri. Manomin gero yana iya rufe rumbu ya jira farashi, amma wanda ya tatsi saniya da asuba, a ƙasa mai zafi, sa'o'i kaɗan gare shi kafin madarar ta yi tsami. Don haka mai saye ne ke yanke farashi, makiyayi kuwa sai abin da aka ba shi.

Haka manoman gundumar Kaira, a Gujarat ta Indiya, suka kasance har zuwa 1946. Yawancinsu dabba ɗaya ko biyu suke da ita, saniya ko ɓaunar gida, wadda littattafan fiƙihu ke kira jamus. Dillalai ne ke kwashe madarar da araha, su miƙa wa kamfanin da ke kai ta Bombay. A wannan shekara, bisa jagorancin Tribhuvandas Patel, manoman suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a garin Anand, wadda daga baya ta shahara da sunan Amul.

Tsarin hawa uku ne. A ƙauye, ana karɓar madara safe da yamma, a auna yawanta da maiƙonta a gaban mai ita, a biya shi gwargwadon haka. Wannan ya sa algus ya daina riba, mai ɓauna kuma ya sami haƙƙinsa, domin maiƙon madararta ya kusa ninka na saniya. A gunduma, ana sanyaya madarar a sarrafa ta, a tura wa makiyaya likitan dabbobi da abincin kiwo. A jiha kuwa, tarayyar ƙungiyoyin ce ke neman kasuwa. Rarar lokacin yalwa, wadda a da ke karya farashi, aka riƙa mayar da ita garin madara da man shanu.

A 1965 gwamnatin Indiya ta kafa hukumar bunƙasa madara a ƙarƙashin Verghese Kurien, a 1970 kuma aka fara yaɗa tsarin a faɗin ƙasar. Zuwa 1998, Indiya ta zarce Amurka, ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara, kuma akasarinta daga ƙananan garkuna take fitowa.

Akwai abin lura a nan ga masu rabon zakka da masu kula da waƙafi. Zakkar shanu tana wajaba ne daga talatin, kuma malamai sun haɗu a kan cewa jamus da shanu jinsi ɗaya ne wajen ƙidaya. Mai saniya biyu ke nan bai kai nisabi ba, sau da yawa ma shi ne mai karɓa. Bafulatanar da ke tafiya da ƙwaryar nono zuwa kasuwa tana fama da matsalar da manoman Kaira suka yi fama da ita: yalwa da damina ba farashi, ƙamfa da rani ba abin sayarwa.

Ba wa mabuƙaci saniyar tatsa alheri ne da Sunna ta kwaɗaitar a kansa da sunan maniha. Sai dai saniyar ba ta fitar da gida daga talauci idan babu ruwa, harawa, magani da wurin sayarwa. Waƙafin da ya gina cibiyar tara madara, da na'urar sanyi da ma'aunin gaskiya, yana kare jarin gidaje da dama a lokaci guda. Allah Ya sanya albarka a dukiyar masu bayarwa da guzurin masu karɓa.