Dogayen gine-gine: Abin da ya sa Hong Kong ta zarce New York, Paris kuma ta ƙi shiga gasar

Duk alhajin da ya ziyarci Makka daga shekarar 2012 zuwa yau ya ga dogon benen nan mai agogo da ke fuskantar Masallacin Harami. Tsawonsa mita 601 ne, kuma yana cikin gine-gine huɗu kacal da aka kammala a duniya waɗanda suka haura mita 600. Sauran ukun su ne Burj Khalifa na Dubai mai mita 828, da Merdeka 118 na Kuala Lumpur a Malesiya mai kusan mita 679, da Benen Shanghai na ƙasar Sin mai mita 632.

Sai dai idan aka zo lissafin birnin da ya fi kowane yawan dogayen gine-gine, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan birane huɗu da ke kan gaba. Hong Kong ce ke riƙe da kambun, duk da cewa gininta mafi tsawo bai wuce mita 484 ba. Tana da gine-gine sama da 500 da suka kai mita 150 ko fiye. Maƙwabciyarta Shenzhen ce ke biye da ita, sannan New York mai sama da 300, yayin da Dubai ke da sama da 250. Paris da Washington kuwa, duk da tarin dukiyarsu, da wuya a ji sunansu a irin wannan jadawali. Dalilan wannan bambanci suna da alaƙa da yadda ake ƙidayar, da tsadar fili, da doka, da kuma burin shugabanni.

Ma'aunin da ake ƙidaya da shi

Hukumar da aka fi dogara da alƙalumanta a wannan fanni ita ce wadda aka fi sani da CTBUH, da aka kafa a 1969, mai mazauni a Chicago. Akasarin jadawalin da ake yaɗawa suna fara ƙidaya ne daga mita 150, wato kimanin hawa 40. Daga nan sai ajin da ya kai mita 300, sai kuma na ƙoli da ya kai mita 600.

Da zarar an sauya ma'aunin, sai jadawalin ya juye. Idan aka ɗauki mita 300, Dubai ce ke kan gaba, Hong Kong kuma ta koma baya. Idan aka sauko aka ƙidaya duk benen da ya kai hawa 12, sai São Paulo ta Brazil ta shigo sahun farko da dubban benaye, alhali daga shekarun 1960 har zuwa 2022 gininta mafi tsawo mita 170 ne kawai. Wanda ya hango São Paulo daga jirgin sama zai ga dajin benaye har iyakar ganinsa, amma a jadawalin mita 150 tana can ƙasa.

Akwai kuma taƙaddama kan inda tsawon gini yake ƙarewa. A shekarun 1990 an yi ce-ce-ku-ce tsakanin Amurka da Malesiya lokacin da tagwayen benayen Petronas masu mita 452 suka ƙwace kambun duniya daga hannun benen Sears na Chicago mai mita 442. Rufin Sears ya fi na Petronas tsawo, amma hukumar ta yanke hukunci cewa tsinin da aka zana a matsayin ɓangaren gini yana shiga lissafi, eriyar da aka kafa a kan rufi kuwa ba ta shiga. Tun daga lokacin masu gini suka gane cewa tsini hanya ce mai rahusa ta ƙara tsawo. A wani nazari da hukumar ta fitar a 2013, ta nuna cewa mita 244 na saman Burj Khalifa, kusan kashi 30 cikin 100 na tsawonsa, ba wurin da ake zama ko aiki ba ne.

Inda fili ya yi ƙaranci

Dogon bene na zamani ya samo asali ne a Amurka. A 1857 aka girka lifta ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti a New York, wadda kamfanin Elisha Otis ya ƙera. A 1885 kuma aka kammala benen Home Insurance mai hawa 10 a Chicago, wanda ƙwarangwal na ƙarfe ke ɗauke da nauyinsa maimakon kaurin bango. Kafin lifta, hawa na sama shi ne mafi arha domin babu mai son wahalar matakala. Bayan zuwanta, sai ya zama mafi tsada.

Fasaha ta buɗe ƙofa, amma farashin fili ne ke sa a shiga. Idan kuɗin fuloti ya yi tsada ƙwarai, mai gini ba zai mayar da kuɗinsa ba sai ya ɗora hawa da yawa a kansa, ta yadda masu haya da dama za su raba nauyin. Tsibirin Manhattan, inda akasarin dogayen benayen New York suke, ruwa ne ya kewaye shi, kuma kowane banki da kamfani na son ofishinsa ya kasance kusa da na sauran.

A Hong Kong lamarin ya fi tsanani. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 1,100 ne, mazaunanta kusan miliyan 7.5. Mafi yawan ƙasar duwatsu ne masu gangara, kimanin kashi 40 cikin 100 an keɓe shi a matsayin gandun daji da wuraren shaƙatawa, kuma abin da aka yi gini a kai bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Bugu da ƙari, gwamnati ce ta mallaki kusan dukkan filaye, tana bayar da su haya na dogon zango, kuma kuɗin da take samu daga nan na cikin manyan hanyoyin shigarta. Wannan ya sa yawancin dogayen benayen Hong Kong gidajen kwana ne, har da na masu ƙaramin ƙarfi da gwamnati ta gina. Iyali guda na iya zama a hawa na 35 cikin ɗakunan da ba su kai falon wani gidan Kano ba. Kambun da birnin ke riƙe da shi shaida ce ta arziki, kuma shaida ce ta matsi.

Inda doka ta ja layi

Wasu biranen suna da kuɗin da za su yi gini har ya taɓo gajimare, amma suka zaɓi kada su yi. A Washington, wata doka ta 1910 ta ɗaure tsawon gini da faɗin titin da yake kai, ta kuma ƙayyade kimanin mita 40 a mafi yawan titunan kasuwanci. Shi ya sa ake hango ƙubbar majalisar dokokin Amurka daga nesa ba tare da wani bene ya tare ta ba.

A Paris, benen Montparnasse mai mita 210 da aka kammala a 1973 ya fusata mazauna birnin, waɗanda suka ga ya ɓata masa fuska. A 1977 aka ƙayyade tsawon sababbin gine-gine zuwa mita 37. An sassauta dokar a 2010, sannan aka dawo da ita a 2023. Dogayen benayen ofisoshi sai aka tattara su a unguwar La Défense da ke wajen iyakar birnin. Duk da haka, Paris na da mutum kimanin 20,000 a kowane murabba'in kilomita, kusan ninki biyu na birnin New York baki ɗaya, kuma da benaye masu hawa shida ko bakwai da ke manne da juna ta cim ma hakan. Ashe birni na iya ɗaukar jama'a masu yawa ba tare da ya miƙe sama sosai ba.

Landan ta bi tsaka-tsaki. Ta yarda a gina Shard mai mita 310, wanda aka kammala a 2012, amma dokokinta sun hana a tare hangen Majami'ar St Paul daga wasu wurare da aka tantance. A Hong Kong ma, filin jirgin sama na Kai Tak da ke tsakiyar gari ya daɗe yana hana dogayen gine-gine a yankin Kowloon. Sai bayan rufe shi a 1998 yankin ya samu damar miƙewa, kuma a can ne aka gina benen nan mai mita 484.

Inda ake neman suna

Dubai na da hamada iya ganin ido, don haka ba ƙarancin fili ne ya tura ta sama ba. Masarautar ta yi amfani da dogayen gine-gine a matsayin talla, domin jawo masu zuba jari da masu yawon buɗe ido, kasancewar man feturinta kaɗan ne. Dabarar ta yi aiki, amma ta zo da haɗari. Rikicin bashi ya rutsa da Dubai a ƙarshen 2009, har sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Da aka zo buɗe benen da ake kira Burj Dubai a watan Janairun 2010, sai aka sauya masa suna zuwa Burj Khalifa, don girmama Sheikh Khalifa bin Zayed, sarkin Abu Dhabi na wancan lokaci.

Irin wannan ya taɓa faruwa a New York. An buɗe benen Empire State mai hawa 102 a 1931, a tsakiyar mummunan karayar tattalin arziki, ya yi shekaru galibin ofisoshinsa babu masu haya.

Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawan dogayen gine-gine, ta ɗauki darasi daga nata ƙwarewar. Shenzhen, da aka ayyana yankin tattalin arziki na musamman a 1980, ta tashi daga ƙaramin gari zuwa birni mai mutum sama da miliyan 17, kuma benayenta sun biyo bayan masana'antu da kamfanoni ne. Amma ƙananan birane da dama sun kwaikwaye ta ba tare da masu haya ba. A Tianjin, aikin wani bene mai mita 597 ya tsaya cik a 2015, ya yi shekaru a tsaye babu kowa a ciki. Tsakanin 2020 da 2021 gwamnatin ƙasar ta hana gina sabon benen da ya wuce mita 500, ta tsaurara sharuɗɗa kan wanda ya wuce mita 250, ta kuma taƙaita wa biranen da ba su kai mutum miliyan 3 ba gina wanda ya haura mita 150.

Matsayin Afirka da Najeriya

Cibiyar Carlton ta Johannesburg mai mita 223, da aka kammala a 1973, ta shafe fiye da shekara 40 tana matsayin bene mafi tsawo a Afirka. Yanzu kambun yana hannun Masar, wadda ta gina bene mai tsawon sama da mita 380 a sabon babban birninta da ke gabashin Alƙahira.

A Najeriya, Gidan Koko na Ibadan mai hawa 26, wanda aka kammala a 1965 da kuɗin amfanin gona na tsohuwar Jihar Yamma, yana cikin waɗanda suka buɗe fage. Benen NECOM na Legas mai hawa 32 da tsawon kimanin mita 160 ya biyo baya a 1979. Dukkansu biyu sun yi gobara a shekarun 1980. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021 kuma, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi ya rufta, mutum sama da 40 suka rasa rayukansu.

Waɗannan abubuwa suna tuna cewa gina dogon bene rabin aiki ne. Yayin da tsawo ke ƙaruwa, lifta da matakala da ginshiƙai suna cinye wani kaso na kowane hawa, abin da ya rage na haya ya ragu. Dole a riƙa tura ruwa sama da famfo, a sanyaya ɗakuna, a tanadi hanyar kashe gobara daga cikin ginin domin tsanin motar 'yan kwana-kwana ba ya kaiwa ƙoli. Duk wannan na buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa. Inda ake dogaro da janareto, kuɗin dizal na ƙarewa ne a kan mai haya. Ma'aikacin da ya taɓa taka matakala zuwa hawa na takwas saboda an ɗauke wuta ya san wannan, haka ma ɗan kasuwar da ya ga yadda shagon ƙasa ya fi na sama daraja a filazojin kasuwa.

Saboda haka, idan aka ga hoton birni da benaye jere a bakin teku, akwai tambayoyin da suka fi ƙidaya amfani: nawa ne daga cikin hawa-hawan ke da masu haya, wa ya biya kuɗin ginin, da bashi ko da riba, kuma shin ma'aikaci mai matsakaicin albashi na iya zama kusa da wurin aikinsa. A Legas, inda ruwa ya matse tsibiran Ikoyi da Victoria, tsadar fili za ta ci gaba da tura gini sama, kuma abin da ake buƙata shi ne sa ido mai tsanani kan inganci. A Kano da Kaduna da Abuja kuwa, inda gari ke ta bazuwa zuwa cikin gonaki, jama'a na kashe kuɗi da lokaci a kan hanya, benaye masu hawa huɗu zuwa bakwai a kusa da kasuwanni da ma'aikatu za su fi magance matsalar muhalli a kan bene guda mai hawa 50, kuma ba sa buƙatar bashin da zai bi jikoki.