Idan Tuwo Ya Yi Ƙauri, Ba Tukunya Ake Sauyawa Ba

Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ana tuƙa tuwon acca ko na masara ya san aikin ya wuce tukunya da muciya. Mai tuƙin tana kallon yadda talge ke tafasa, tana jin nauyin muciya a hannunta, hancinta kuma yana tsaron ƙauri. In ya yi ruwa ta barbaɗa gari, in wuta ta yi yawa ta janye itace, in ta lafa ta iza. Haka za ta yi ta yi har ta rufe ya sulala. Tukunya da muciya da murhu su ne ƙarfin aikin, amma ido da hanci da hukuncin mai tuƙi ne ke mayar da gari tuwo.

Injin zamani ma da mai tuƙinsa a ciki, sai dai ba mutum ba ce. 'Yan na'urori ne da ake kira sensa, masu jin zafi da iska da juyawar ƙarfe, da ƙaramar kwamfuta da kanikawa ke ce wa ƙwaƙwalwa, da wayoyin da ke kai saƙo tsakaninsu. Injiniyan injuna da ya san ƙarfe kaɗai, tukunyar ya sani. Mai girkin baƙuwa ce a wurinsa.

Kafanchan ta ga yadda sauyi daga ƙarfe zalla zuwa lantarki ya faro, domin jirgin ƙasa ne ya raya garin. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu ya biyo ta nan zuwa Kaduna, wani reshe ya hau Jos, garin ya zama mahaɗa. A zamanin jirgin kwal mutum ne mai tuƙin: ɗan wuta yana zuba kwal ɗin Inugu da shebur, idonsa a kan ma'aunin tururi da na ruwa. Da jiragen dizal suka karɓi aiki sai lissafi ya sauya. A irin wannan kan jirgi injin dizal ba shi ke juya ƙafafu ba. Janareta yake juyawa, wutar da ta fito ta tafi ga injinan lantarki da ke jikin ƙafafun. Tun daga lokacin, gwanin fistin da bawul kaɗai ya zama rabin ma'aikaci a loko.

A gareji abin ya fi fitowa fili. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, kafireta ce da ita, bakanike na saita ta da sukundireba da kunnensa. Motocin Kwatano da suka cika hanyar Kagoro da Kwoi da Zonkwa a yau injekta ne da su. Ƙwaƙwalwar motar tana neman ta haɗa iska kashi 14.7 da fetur kashi ɗaya bisa nauyi, kuma ba ta ganin komai sai abin da sensa suka gaya mata: ɗaya a salansa yana shinshinar hayaƙi, ɗaya yana auna iskar da ke shiga, ɗaya yana taɓa ruwan inji, ɗaya yana ƙirga juyawar karanshaf don ta san lokacin da fulogi zai ba da wuta.

To, a ce sensa na zafin ruwa ya lalace, yana ta cewa inji da sanyi alhali ya yi zafi. Ƙwaƙwalwa za ta yi ta ƙara mai, salansa ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mai motar ya rasa inda fetur ɗinsa ke tafiya. Mai tuƙi ce mura ta toshe wa hanci. Wanda bai san lantarki ba zai sauya fulogi, ya wanke injekta, wani ma har ya sauke inji, ciwon yana nan, alhali mita mai auna wuta za ta nuna shi cikin 'yan mintoci. Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare, ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Inji ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ba shi mai kamar yanzu aka tashe shi da asuba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan kuskure daga aljihun direban haya yake cin kuɗi kullum, kuma abin yana ci mini rai, don ba mugunta ba ce, ilimi ne bai iso ba. Ga shi motar ma tana faɗin ciwonta: tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka dole su zo da kafar OBD-II, inda ake soka na'ura a karanta lambar matsala. Amma lambar unguwa take nunawa, ba gida ba. Sai wanda ya iya karanta zanen wayoyi zai gane ko sensa ne ya mutu, ko ɓera ne ya ci waya, ko tsatsa ce ta kama inda aka ɗaure wayar a jikin bodi.

Ga mai ƙera sabon inji maganar ta fi nauyi. Kachia da Jaba da Kagarko ƙasar citta ce, kuma yanka ta da busar da ita su ne wahalar manomi bayan haƙa. Ƙera akwatin busarwa da fanka da wurin wuta ba ya gagarar injiniyanmu. Inda gizo ke saƙa shi ne riƙe zafin: ya yi yawa ƙamshin citta ya gudu, ya yi kaɗan ta yi fumfuna, mai saye ya karya farashi. Sensa na zafi da na danshi da ɗan allon lantarki mai kunna fanka da kashe ta ne za su tsaya a kan wannan aiki dare da rana. Haka famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, haka janaretan da ke ƙona kayan gida saboda mai daidaita wutarsa ya lalace, injin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Ba cewa nake ɗalibin injuna ya koma injiniyan lantarki ba. Ya dai san dokar Ohm, ya iya riƙe mita, ya karanta zanen wayoyi, ya fahimci yadda sensa ke magana da ƙwaƙwalwa, ya rubuta 'yar manhajar da za ta kunna injin lantarki ta kashe. Jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace da aka kafa a Kachia a 2025 tana da damar haɗa darussan biyu a bita ɗaya tun shekarar farko. Ƙungiyoyin kanikawa na Kafanchan kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi na'urar gwaji ko da guda ɗaya ce a kowane gareji, a sa yaran da ke koyon aiki su yi wata shida wurin mai wayarin kafin a yaye su.