Koken Unguwa da Ƙofar da Ake Kai Shi: Hanya, Kwata da Bola a Jega, Aliero da Maiyama

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Tambuwal ita ce ta ratsa Aliero, ta shiga Jega, ta wuce ƙasar Maiyama ta nufi Koko da Yawuri har Kwantagora. A Jega ta haɗu da wadda ta fito daga Birnin Kebbi ta Kalgo. Arzikin garuruwan nan uku a kanta yake tafiya: albasar Aliero, shinkafar fadamar gulbin Zamfara, hatsi da dabbobin kasuwar Jega. Ita ce kuma babbar damuwarsu, domin tirela da tankar mai da gudun da suka ɗauko daga daji suke faɗowa cikin gari, daidai inda ɗan makaranta yake tsallakawa, mai amalanke yake juyawa, ɗan kabu-kabu yake sauke fasinja. Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ga na kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, duk sun ƙara wa bakin hanya jama'a.

Koke-koken mazauna unguwanni ba su wuce kaɗan ba, kuma kowa ya san su: gudun wuce sa'a a cikin gari, manyan motoci da ke kwana a bakin kwalta, kwalbatin da ya rufta, kwatar da ta cushe, bolar da ta cinye rabin lungu, fitilar titi da ta mutu. Abin takaicin shi ne inda ake kai koken. A majalisar bayan la'asar ake kai shi, da teburin mai shayi, da zauren Facebook. A yi ta cewa "gwamnati ta manta da mu" har a kira magariba, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Idan aka tambaya ko akwai wanda ya taɓa rubuta takarda ya kai sakatariya, sai a yi shiru, ko a ce an gaya wa wani yaron ciyaman a wurin ɗaurin aure.

Matakin farko shi ne a san mai abin. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a cikinsu akwai ginawa da kula da hanyoyin cikin gari, fitilun titi, magudanun ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, banɗakunan jama'a da kwashe shara, har da sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Saboda haka kwatar lungu da bolar unguwa da tsarin tasha duk nauyin sakatariyar Jega ne ko ta Aliero ko ta Maiyama, ba alfarma ba ce ake roƙo. Wasu titunan cikin gari gwamnatin jiha ce ta gina su, gyaransu yana hannun ma'aikatar ayyuka da ke Birnin Kebbi. Ita kuwa babbar hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora ta gwamnatin tarayya ce. Kwanturolan ayyuka na tarayya da ke jihar shi ke kula da ita, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ita ke cike ramukanta, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da aka kafa a 1988 ita ke bin direbobinta. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon fasa wannan kwalta ko ƙara mata wani abu, amma yana da ikon rubutawa da sunan jama'arsa, kuma takardarsa ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Rashin sanin wannan rabo shi ya haifi ɗabi'ar da ta fi kowace yin ɓarna, wato tudun rage gudu na gayya. Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mota ta buge yaro. Rai ya ɓaci, matasa su fito da shebur da diga, a kwaso jar ƙasa da baraguzan bulo, wani lokaci a jawo gungumen icce ko tsofaffin tayu, kafin gari ya waye an gicciya wa hanya tudu uku ko huɗu. Ba fenti, ba allon gargaɗi, ba wanda ya auna tsayi ko faɗi. Kowa ya koma gida da jin cewa an yi maganin abin.

Ba a yi ba, an dai sauya wanda zai mutu ne. Motar da ke tafiyar kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da ya taso daga Kwantagora da dare, wanda ya bi hanyar makon jiya ba tudu, ba zai ga tarin ƙasa mai launin hanya ba sai ya zo kansa. Ƙaramar mota ta yi tsalle ta ƙwace. Ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mace da goyo ya kife. Tirelar da aka yi wa lodin albasa har ya haura bodi, ga mutane zaune a saman buhuna, idan ta taka birki da ƙarfi ko ta kauce, kaya da mutane ne za su zube a kan rumfunan bakin hanya. Tankar mai kuwa ba a ma son a ambata. Sannan tudun da ya yi tsini yakan sa direbobi su sauka daga kwalta su zagaye shi ta gefe, ta wurin da masu tafiya a ƙasa suke bi, wato ainihin mutanen da aka ce ana karewa. Damina ɗaya ta isa ta wanke ƙasar ta zuba ta cikin kwata, ta bar duwatsu a tsakiyar hanya. Masu ɗorin Aliero sun yi suna a ƙasar Hausa da wajenta, amma ba dalili ba ne na ƙara musu aiki da gangan.

Ba wai rage gudu ba shi da muhimmanci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a sa'a a cikin gari. Tudun da injiniya ya tsara yana da faɗi da gangare mai sauƙi, an shafa masa fenti mai ƙyalli, an kafa allo tun daga nesa, wani lokaci an sa ƙananan layuka masu girgiza mota kafin a iso shi. Irin wannan ake nema, kuma hukuma ce kaɗai ke yin sa. A ƙarshen 2024 ministan ayyuka, David Umahi, ya ba da umarnin a cire tuddan da aka yi barkatai a hanyoyin tarayya, ya ce mai buƙata ya nemi izini ta hannun ma'aikatar. Ma'ana, wanda aka tara da fushi ana iya zuwa a kwashe shi da rana tsaka, unguwa ta koma inda take, ba tudu ba takarda.

Kafin a ɗauki alƙalami kuma, ya kamata unguwa ta dubi nata laifin, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya shanya shinkafa da barkono a gefen kwalta ya tokare da duwatsu? Wa ya jibge buhunan albasa har kan hanya lokacin da ta rani ta fito, ya sa tirela ta tsaya lodi a inda mota biyu ke wucewa da ƙyar? Wa ya fito da rumfar shagonsa ya hau kan kwata ya rufe ta da siminti, ba ko ƙofar da za a zura shebur? Ledar ruwa da ta toshe kwalbati ba daga Abuja aka aiko ta ba. Yaron shekara shida da aka ɗora wa tire aka tura talla tsakanin motoci ranar kasuwa, ba kansila ne ya aike shi ba. Jami'in da aka kai wa kuka ya zo ya tarar da haka, ya sami abin fakewa, kuma da gaskiyarsa.

Koken da ke aiki rubutacce ne. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ko da Turanci, kuma matsala ɗaya a takarda ɗaya. Wanda ya haɗa kwalbati da rashin taki da neman aikin ɗansa a wuri guda ya ba da damar a ajiye duka. A rubuta kwanan wata, sunan unguwa da mazaɓa, ko Kimba ce ko Dangamaji, ko Sabiyal ko Danwarai, ko Andarai ko Mungadi. A faɗi wurin yadda baƙo zai gane shi: kwalbatin da ke gabas da makarantar firamare, tsakanin masallacin Juma'a da injin niƙa. A faɗi abin da ya faru da ranakun da ya faru, ba tare da ƙari ba. Idan mutum biyu suka ji rauni, kada a ce goma, domin ƙarya ɗaya da aka kama tana kashe sauran gaskiyar. A haɗa da hoto, tunda wayar da ke ɗaukar hoton biki tana iya ɗaukar na rami. Sannan a faɗi abin da ake so a yi ƙarara: a yashe kwata, a sa allo da alamar tsallakawa a gaban makaranta, a ware wa manyan motoci wurin tsayawa a wajen gari, a rubuta wa kwanturola a kan babbar hanya. Gaisuwa da girmamawa suna da wurinsu, "Mai girma Shugaba" a sama ya wadatar. Kirari da zambo duka ba su da amfani a nan.

Sa hannu ya zama na mutane da yawa kuma iri-iri: mai unguwa, liman, shugaban makaranta, shugabar mata, wakilin 'yan kasuwa, na 'yan kabu-kabu da na direbobin tasha. Kada a bari ta zama takardar 'yan jam'iyya ɗaya, domin ranar da aka ce ta 'yan adawa ce, ranar ta mutu. A bi da ita ta hannun hakimi zuwa uban ƙasa, a gaishe shi da "Allah ya ja zamaninka" a nemi ya sa albarka, saboda a masarautar Gwandu maganar da ta biyo ta wannan hanya ba a yi mata riƙon wasa. Kansilan mazaɓa ya sami nasa kwafi, tunda aikinsa ke nan ya tayar da maganar a zaman majalisa.

Sai abin da aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ƙashin bayan komai: kwafi mai hatimi. Takarda biyu ake kaiwa ofishin karɓar wasiƙu na sakatariya. Ma'aikaci ya karɓi ɗaya, ya buga wa ɗayar hatimin "an karɓa", ya sa kwanan wata da hannu, a dawo da ita gida. Ba a miƙa takarda a hanya, ba a ba direban ciyaman, ba a jefa ta cikin mota ta taga. Wanda aka ce masa "bar ta nan, za a duba" ya tsaya cikin ladabi har a buga hatimin. Wannan kwafi shi ne shaidar da za a nuna bayan wata ɗaya idan aka ce ba a taɓa jin maganar ba, shi ne kuma za a liƙa a bayan takarda ta biyu. A ajiye shi a fayil wurin mutum ɗaya da aka amince da shi, a ɗauki hotonsa a waya saboda gara da ruwan sama. Unguwa da yawa sun yi shekaru suna kuka, amma ba su da ko warƙa ɗaya da za ta nuna sun taɓa buɗe baki.

Lokaci ma yana da tasiri. Kasafin kuɗi daga Janairu yake farawa, ana kuma shirya shi a watannin ƙarshen shekara, don haka aikin da ke cin kuɗi kamar sabon kwalbati a kai maganarsa tun kaka. Yashe kwata kuwa a tayar da shi tun bazara. Wanda ya jira sai ruwan Agusta ya shiga ɗaki ya yi ihu bayan hari, kuma ambaliyar 2020 da ta cinye gonaki da gadoji a jihar Kebbi ta isa ta koya wa kowa haka. Bayan mako biyu ko uku, mutum biyu ko uku su koma su tambayi inda takarda ta kwana, ko tana teburin daraktan ayyuka ko tana wurin duba-gari a sashen lafiya. Ba a zuwa da gayya, ba a tare hanya, ba a ƙona taya.

Amsar da aka saba ji ita ce ba kuɗi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa biyan su kai tsaye, kuma duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, ya ba talaka hujjar tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, ta kuma ba ofishin kwana 7 ya amsa. Idan an yi ta bibiya ba motsi, akwai ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu a Birnin Kebbi, akwai ɗan majalisar jiha na mazaɓar, akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, wadda ke karɓar ƙara kyauta. Kowace daga cikinsu abin da za ta fara tambaya shi ne kwafin nan mai hatimi.

Akwai abubuwan da ba su jiran takarda. Haɗari idan ya auku, lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, sannan a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Wayar wuta da ta faɗo a tsare wurin a kira ma'aikatan lantarki. Tankar mai da ta faɗi kuwa a nisance ta, a kashe duk wata wuta da ke kusa, a hana yara da manya zuwa da jarka. A Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 sama da mutum 150 suka mutu wurin kwasar man tankar da ta kife, a mahaɗar Dikko ta jihar Neja kuma a Janairun 2025 sama da 80, kuma irin waɗannan tankokin ne ke bi ta tsakiyar Jega dare da rana.