Yadda Ake Saita Wget Don Kada Data Ta Tafi A Banza

Filinmu na kimiyya da fasaha na wannan makon zai yi bayani ne a kan wata 'yar manhaja mai suna Wget da yadda ake saita ta.

Duk wanda ya taɓa sauke littafi ko bidiyon darasi a nan Kangire ya san matsalar. Abu ya kai rabi, sai sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare. Ka dawo ka tarar sai an sake daga farko, datar da ta tafi kuma ta tafi ke nan, alhali da kuɗi aka saye ta. Wget tana maganin wannan, amma sai ga wanda ya san yadda ake ba ta umarni.

Mece ce Wget?

Manhaja ce ta kyauta da ake sauke fayil da ita daga intanet. Wani ɗan ƙasar Kuroshiya mai suna Hrvoje Niksic ne ya rubuta ta, ta fito da wannan suna a 1996. Ba ta da hotuna ko maɓallan da ake dannawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta abin da kake so, ita kuma ta aikata. Yawancin kwamfutoci masu Linux suna zuwa da ita. A wayar Android kuwa sai an sa manhajar Termux, sannan a rubuta pkg install wget.

Umarni mafi sauƙi shi ne a rubuta wget, a bar fili, a sa adireshin fayil. Saitin da za mu gani ana rubuta su ne tsakanin wget da adireshin, kuma kowanne yana farawa da karan ɗori. A kula, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajenta.

1. A duba nauyi tukuna

wget --spider adireshi

Wannan ba ya sauke komai. Yana duba ko fayil ɗin yana nan, kuma sau da yawa yana nuna girmansa. Idan ka ga 90M alhali datarka megabait 50 ce, ka san ba yau ba. Rigakafi ya fi magani.

2. Ci gaba daga inda aka tsaya

wget -c adireshi

A ganina wannan ya fi kowanne amfani a wajenmu. Idan kana ɗibar ruwa a tuƙa-tuƙa, jarka ta kai rabi sai ruwan ya tsaya, ai ba za ka zubar da wanda ka samu ba. Jira za ka yi ka ƙarasa cikawa. Haka -c take yi. Wget za ta auna abin da ya riga ya sauka, ta ce wa kwamfutar da ke ajiye da fayil ɗin ta aiko da ragowar kawai. Idan megabait 60 ya sauka cikin 90, saura 30 za ka biya. In ba a sa -c ba, sabon kwafi za ta fara saukewa daga farko, ta liƙa masa .1 a ƙarshen sunansa.

Akwai sharuɗɗa uku. Dole ka kasance a cikin foldar da rabin fayil ɗin yake. Dole kwamfutar can ta yarda da aiko da ragowa, domin ba dukansu ke yarda ba. Sannan idan masu fayil ɗin sun canza shi bayan ka fara, za a haɗa tsoho da sabo, abin da zai fito ya ƙi buɗewa.

3. Sau nawa za ta gwada?

wget -t 10 -T 30 adireshi

Ƙaramar t tana faɗin sau nawa za ta sake gwadawa idan layi ya yanke. In ba ka faɗa mata ba, sau 20 take yi. In ka sa -t 0, ba ta da iyaka. Babbar T kuma daƙiƙoƙin da za ta jira ne idan bayanai sun daina zuwa. A saitinta na asali tana iya zaman jira na daƙiƙa 900, wato minti 15, kafin ta haƙura ta sake gwadawa. Da -T 30, rabin minti ya isa. Amma idan adireshin ne ba daidai ba, za ta nuna lamba 404 ta tsaya, domin maimaitawa ba za ta samar da abin da babu shi ba.

4. Rage gudu

wget --limit-rate=50k adireshi

Idan mutum biyar suna jan intanet daga waya ɗaya, mai sauke babban fayil zai iya shanye gudun duka, sauran su kasa buɗe ko shafi ɗaya. Wannan saitin yana taƙaita Wget a kilobait 50 a daƙiƙa, wato kusan megabait 3 a minti. Fayil mai megabait 90 zai ɗauki kamar minti 30. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai kada a ruɗe, rage gudu ba ya rage datar da za a ci. Ko da gudu ko a hankali, 90 dai 90 ce.

5. Jerin fayiloli da iyakar data

wget -i jeri.txt -Q 200m

A ce malami yana son sauke tsofaffin tambayoyin jarrabawar BECE na darussa da yawa. Sai ya rubuta adireshinsu a fayil guda, kowanne a layinsa, ya miƙa wa Wget da -i, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma -Q 200m tana nufin in jimilla ta wuce megabait 200 kada ta fara wani sabo. Ba ta yanke fayil a tsakiya, saboda haka -Q ba ta da tasiri idan fayil ɗaya tak ake saukewa.

6. Suna da wurin ajiya

Babbar O tana ba fayil sunan da kake so, misali -O lissafi.pdf. Ƙaramar o kuwa rahoton aikin take rubutawa a fayil. Babbar P tana zaɓar foldar da za a ajiye.

Saitin da za a yi hattara da shi

Shi ne -r. Yana sa Wget ta bi mahaɗan da ke cikin shafi, daga wannan zuwa wancan har hawa 5, tana kwaso abin da ta tarar. Cikin ɗan lokaci sai ta lashe datar wata guda. Ɗan koyo ya bar shi tukuna, ko ya haɗa shi da -Q.

Ajiye saiti sau ɗaya

Don kada kullum sai an rubuta, ana buɗe fayil mai suna .wgetrc a babbar foldar mai amfani, a sa layuka kamar haka:

continue = on
tries = 10
timeout = 30

Daga nan duk lokacin da Wget ta tashi sai ta karanta su. Idan wata rana ka rubuta wani saiti dabam a baƙin allo, wanda ka rubuta a lokacin shi za ta bi.

Shawarata ga 'yan uwana ita ce, mu nemi izinin mai waya kafin mu taɓa datarsa, kuma mu sauke abin da zai amfane mu wanda masu shi suka yarda a sauke. Wanda zai iya riƙe saiti biyu kacal, ya riƙe --spider da -c. Mai tambaya ya rubuto wa ƙungiya, za mu kai wa malamin kwamfuta, amsar ta fito a wannan allo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Daga wakilin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.