Turancin Shiga Jami'a Daban, Turancin Rubuta Kundi Daban

Da zarar an buɗe neman gurbin karatu a jami'o'in Birtaniya, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakanin masu harin digiri na biyu da na uku: wace jami'a ce ba ta neman jarrabawar Turanci ta IELTS? Mai jiran tallafin karatu na PTDF yana yin ta, mai neman na Commonwealth yana yin ta, haka wanda gwamnatin jiharsa za ta ɗauki nauyinsa. Tambayar ba laifi ba ce, domin kuɗin jarrabawar ba kaɗan ba ne, kuma sakamakonta shekara biyu kawai yake yi ya mutu. Sai dai yawan damuwa da ita ya sa mun manta da tambayar da ta fi ta nauyi: in an ba ka gurbin, da wane Turanci za ka rubuta kundin?

Bari mu fara da ƙa'idar, tunda akwai ruɗani a kanta. Hannu biyu ne ke riƙe da ƙofar. Akwai Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya mai ba da biza, wadda ta ce mai karatun digiri ya kai matakin da ake kira B2 a ji, magana, karatu da rubutu, wato kusan maki 5.5 a kowane ɓangare na IELTS. Sannan akwai jami'ar kanta, wadda galibi take neman fiye da haka. Abin da aka fi gani shi ne maki 6.5 a jimlace, ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.0 ba. Fannonin da aikinsu duk rubutu ne, irin su shari'a da adabi, sukan nemi 7.0. Oxford kuwa, a kwasa-kwasanta da yawa, 7.5 take so, kuma kada kowane ɓangare ya yi ƙasa da 7.0. Wannan sharaɗi na kowane ɓangare shi ke kayar da mutane. Ɗalibi ya ci 8 a ji, 7.5 a magana, ya zo ya tsaya a 5.5 a rubutu. Jimilla ta yi kyau, amma gurbi ya kuɓuce.

Mutane da dama suna jin haushi, suna cewa ai da Turanci muka yi karatu tun daga firamare. Suna da hujja. Amma a jerin ƙasashen da Birtaniya ta ɗauka a matsayin masu magana da Turanci akwai Amurka, Kanada, Jamaika da Barbados, babu Najeriya, babu Ghana. A 2022 wasu matasa 'yan Najeriya sun tara sa hannun dubban mutane suna neman a gyara, ma'aikatar ta amsa cewa sai an nuna fiye da rabin al'ummar ƙasa da Turanci suka buɗe baki. To, ko a Legas wannan da wuya, balle a Kano. Sauƙin da aka samu shi ne doka ta bar wa jami'o'i su auna ɗalibin digiri da kansu, shi ya sa da yawansu ke karɓar sakamakon Turanci na WAEC daga C6 zuwa sama, wasu kuma takarda daga jami'ar da ka gama mai tabbatar da cewa da Turanci aka koyar da kai. Kowace jami'a da tsarinta, har ma sashe da sashe kan bambanta, wata kuma takan ƙi tsohon sakamako. Don haka kada ka dogara da abin da abokinka ya samu bara. Karanta shafin kwas ɗin da kake nema, in ka yi shakka ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci kuwa, su shirya wa jarrabawar kai tsaye.

Wanda makinsa ya gaza kaɗan bai rasa ba. Akwai kwas ɗin share fage na Turanci da jami'o'i ke yi kafin zangon karatu, daga 'yan makonni zuwa watanni, gwargwadon giɓin. Yana da tsada, kuma sau da yawa sai an zana nau'in IELTS ɗin da hukumar biza ta amince da shi, ba na gama-gari ba. Haka kuma yanzu ana iya sake ɓangare ɗaya kacal cikin kwana 60 ga wanda ya zana a kwamfuta, sai dai ba kowace jami'a ke karɓar wannan ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A IELTS, dogon rubutun da ake nema kalma 250 ne cikin kusan minti 40. Kundin digiri na uku a Birtaniya yakan kai kalma 80,000, wasu wuraren har 100,000, kuma za a yi shekara uku ko huɗu ana fama da shi. Wanda ya shiga da WAEC ma, rabon da wani ya zauna ya auna rubutunsa da gaske tun yana sakandare. A ganina, irin wannan ɗalibi ya fi kowa buƙatar ya tashi tsaye, domin an yafe masa gwajin, ba a yafe masa aikin ba.

Kuma matsalar ɗalibanmu ba kasafai take zama ta nahawu ba. Ɗauki babin bitar ayyukan da suka gabata. Ɗalibi zai cika shafi goma: wane ya ce kaza a 2009, wance ta ce kaza a 2015, su wane sun ƙara da kaza. Ya tura wa malamin da ke duba aikinsa yana jiran yabo, sai takardar ta dawo da jan layi a gefe da gajeriyar tambaya: to, kai me ka ce? Abin da ake so shi ne ka nuna inda waɗannan masana suka saɓa wa juna, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, da ramin da suka bari wanda bincikenka zai cike. Mun taso da ladabin cewa ba a ja da malami, kuma ladabi ne mai kyau a mazauninsa. A kundi kuwa, rashin cewa farfesa wane ya yi kuskure a nan, ga kuma dalili, shi ake ɗauka a matsayin rauni. Ga kuma son manyan kalmomi da jimla mai layi shida, wadda a gida ake tafa mata. Can mai dubawa yakan yi mata alamar tambaya kawai ya wuce.

Taimako yana nan, kuma yawancinsa an riga an biya shi cikin kuɗin makaranta. Kusan kowace jami'a tana da cibiyar koyar da rubutun ilimi, mai azuzuwa a tsakiyar zango da ganawar mutum da mutum. Kana zuwa da shafi biyu ko uku, a zauna da kai ƙasa da awa ɗaya, ba don a gyara maka ba, sai don a nuna maka kuskuren da kake maimaitawa. Asusun Royal Literary Fund tun 1999 yake ajiye ƙwararrun marubuta a jami'o'i da dama don wannan aiki, kyauta, kuma cikin sirri. Jami'ar Manchester ta sa wani rumbu a intanet mai suna Academic Phrasebank, wanda John Morley ya tsara, yana nuna yadda masana ke gabatar da hujja, ko sukar aikin wani cikin mutunci, ko takatsantsan wajen yanke hukunci. Daga Zariya ko Maraɗi ma za ka iya buɗe shi yau. Abin takaici, kunya kan hana namu zuwa. Mutum malami ne a jami'arsa, yana da ɗalibai, yaya za a ce ya je a koya masa rubutu? Alhali 'yan ƙasar da aka haifa da harshen suna bin layi a wannan ofishi.

Sai a yi hattara da iyaka tsakanin taimako da maguɗi. Jami'o'i da yawa sun yarda a ba wani ya duba kuskuren haruffa da nahawu, bisa sharaɗin kada ya taɓa hujja ko tsarin tunani, kuma a ambaci cewa an yi hakan. Biyan wani ya rubuta maka kuwa laifi ne da kan kai ga kora, kuma tun 2022 doka a Ingila ta haramta sana'ar sayar wa ɗalibai rubutu da tallata ta. Manhajar Turnitin ma an yi mata mummunar fahimta: kamanceceniya take nunawa, ba hukunci take yankewa ba, don haka sauya 'yan kalmomi don adadin ya sauko bai wanke ka daga satar fasaha ba. Ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT kuma kowace jami'a da dokarta, a tambaya kafin a taɓa. Ko an tsallake duk wannan, ranar kare kundi tana nan, inda masu jarrabawa biyu, ɗaya na gida ɗaya daga wata jami'a, za su buɗe shafin da suka ga dama su ce ka bayyana abin da kake nufi.

Don haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai shirin tafiya, kada ka jira sai ka sauka. Zaɓi muƙalu uku daga manyan mujallun fanninka, ka karanta su kana lura da yadda aka gina kowane sakin layi, sannan ka riƙa rubuta shafi ɗaya kowane mako kana ba wanda ba zai ji nauyin gaya maka gaskiya ba. In kuma Allah ya kai ka, ka nemi ofishin koyar da rubutu a makon farko, tun malamin da ke duba aikinka bai tura ka ba.